Rasuwar Kwamfutata da Ajiyar da ke Kwandon Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta sa ran sauƙi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutata a shagon gyara na ƙanin matata, kuma a hannunsa.

Marigayiyar ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai ta yi tsaki, fankarta ta kama gurnani, mutum ya je ya wanke fuska ya dawo kafin ta buɗe ido. A kanta na koya wa kaina rubutu da yatsa biyu, bayan furfura ta fara fito mini. Ba ta taɓa cin amanar abin da na ba ta ajiya ba.

Ciwon ajalinta nauyin jiki ne. Ƙanin matata ya ce hanya biyu ce: ko a ɗora mata sabuwar manhaja a kan tsohuwar, kayanta su zauna inda suke, nauyin ma wataƙila ya zauna, ko a share ta tas a zuba sabuwa. Na ce a ɗora. Ya ce, "Haba Yaya, ana yin fenti a kan datti? Zan kwashe maka komai tukuna." Ya kwashe ɗin kuwa, ban da kwandon shara na cikin kwamfutar, sannan ya share ta tas.

A cikin kwandon nan na ɓoye muryar Inna, mahaifiyarmu, wadda na naɗa tana lissafa kakanninmu kafin ta rasu. Jikokina suna goge duk abin da hannunsu ya kai, kwandon ne kaɗai ba sa buɗewa. Da na gaya wa ƙanin matata, ya riƙe baki ya ce, "Yaya, wa yake ajiya a shara?" Mutanen yanzu ke nan. Sai sun zubar sannan su yi tambaya.

Ta rasu ta bar linzami mai ɗaurin salatif, da allon rubutu wanda rabin haruffansa suka goge, da firinta, abokiyar zamanta, wadda sabuwar manhajar ta ce ba ta san ta ba.

Ba za a binne ta ba, domin gawar tana kan tebur tana buɗe ido da wuri, wata ce dabam a ciki. Za a karɓi gaisuwa a falona da yamma. Wanda zai ce mini "ai ta fi sauri" ya yi zamansa a gida.

Ƙanwata, autar Inna, tana hanya da 'ya'yanta don su ji muryar kakarsu, ba ta kuma san labari ba. Duk wanda ya riga ni ganinta, kada ya gaya mata. Ni zan faɗa, in na sami bakin faɗa.