Haɗin Haƙorin da Ya Kai Ni Treichville

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsine wa kaina a gaban likitoci ba. Turare nake sayarwa a Adjamé, amma a unguwar 220 Logements an fi sanina da haɗin haƙori: kanumfari, kanwa, tokar taba da ɗan gam, a cusa a kogon haƙori (ni da kaina na ƙirƙiro shi, har alfahari nake). 'Yata Hadiza ta fara kukan haƙori, na ce gobe zan cike mata.

Balkissa, 'yar yayata, tana karatun likitan haƙori, aikinta gwada kayan ciko a kan ƙwayoyin halitta masu rai. Ta karɓi ɗan haɗin, ta ce (Tonton take kirana, wato kawu), "Tonton, pardon, kar ka taɓa bakin yarinyar nan sai ka zo labo ɗinmu, ɗakin gwaje-gwaje."

Na sha babbar riga na tafi Treichville inda labo ɗin yake, ina jin yau za a san da ni. Ta sa ni na leƙa madubin da ke ƙara wa abu girma. Wallahi na ga abin mamaki. Wasu 'yan halittu ne shimfiɗe, sun riƙe juna, suna sheƙi. Ta ce irinsu ne ke cikin haƙorin kowa. Shekara da shekaru ina yawo da al'umma guda a bakina ban sani ba! Na yi ta tasbihi har malaminsu ya matso.

Ta nuna mini waɗanda aka ɗiga wa cikon asibiti, lafiya lau. Sai ta canza faranti. Nan kuwa duk sun dunƙule sun fashe, ba mai rai ko ɗaya. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce, "Wane azzalumi ne ya haɗa wannan guba? Allah ya isa! A ɗaure shi!"

Balkissa ta sunkuyar da kai ta ce, "Tonton, naka ne."

Malamin (mutumin kirki) ya juya yana tarin ƙarya. Ni kuwa Hadiza kawai nake gani a zuciyata. Washegari na kai ta aka yi mata ciko na gaske, ina zaune a gefe kamar baƙo.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ja wa mutum Allah ya isa a bainar jama'a, ka fara tambayar sunansa.