Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkin Mama Hulda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tun ranar Litinin, Mama Hulda Kambai ta Kafanchan tana sanar da 'yan'uwa cikin ikilisiya, da ƙungiyar dirama, da duk wanda ya taɓa ɗaura fukafukan mala'ika a bayansa, rasuwar Dattijo, keken ɗinkinta na ƙafa. Ya cika da hantsi, a bakin aiki, da zare a bakinsa, bayan shekara talatin da ɗaya a gidan.

Mijinta, marigayi Baba Kambai, shi ya ɗauko shi a ka tun daga tashar jirgin ƙasa, shekarar aurensu. Daga ranar, ba a taɓa yin diramar Ista ko ta Kirsimeti a cocinsu ba sai da ɗinkinsa.

Dattijo mai haƙuri ne, wannan kowa ya shaida. Malam Gershon, mai koyar da diramar, yakan kawo zanen kaya a takardar littafin makaranta, sojan Roma kamar mai tallan tsire. Mama Hulda ta duba, ta girgiza kai, ta fitar da siffar da alli a kan takardar buhun siminti, ta yanka yadi, sauran aiki kuma na Dattijo ne. Cakar-cakar-cakar, har maƙwabta su san dirama ta kusa. Bai taɓa jiran a kawo wuta ba. Ya mai da tsohon labulen gidan fasto alkyabbar sarki, ya mai da gidan sauro fukafukai. Wata shekara ya ɗinka wa annabin jeji riga da buhun citta, bawan Allah ya yi wa'azin tuba daga farko har ƙarshe cikin atishawa, jama'a suka ce ba a taɓa wa'azi mai ratsa jiki kamarsa ba.

Ciwon ajalinsa da tari ya fara. Yana tsallake ɗinki, yana cin zare. Mama Hulda ta faɗa a zumuntar mata cewa Dattijo ba lafiya, mai yake bukata. Ashe Mama Tamar, shugabar addu'a, ta ji. Washegari, Mama Hulda na kasuwa, ta iso da kwalbar man shafewa, ta ɗura masa a kowane rami, ta ɗora masa hannu, ta tsauta wa ciwon. Kai, Dattijo ya yi kwana uku yana gudu kamar saurayi, har Mama Tamar ta tashi ta ba da shaida a sujadar Lahadi. Sai man ya haɗu da burbushin yadi na shekara da shekaru, ya zama danƙo. Ranar Litinin, yana tsakiyar kalmasar likkafanin mamacin nan da ake kira ya fito bayan kwana huɗu a kabari, ya ce ƙiiiit, ya ce kwat, shi ke nan. Da aka tambayi Mama Tamar, cewa ta yi, "Ni dai mai na ji, Mama. Ba ki ce wane mai ba."

Ya bar almakashi ɗaya, da tef na awo wanda lambobinsa na farko suka goge, da guntun alli. Ya kuma bar marayu, riguna goma sha ɗaya da aka yanka ba a haɗa ba, ga dirama ranar Lahadin nan. Abin da ya hana Mama Hulda cin abinci ke nan. Tsoro take ji, a tsufanta, a ce sojojin Roma sun fito da rigunan ƙwallo, a ce a shekararta ta talatin da biyu tana ɗinkin dirama ta kasa.

Za a yi zaman makoki a gidan daga yau har Asabar, daga ƙarfe tara na safe. Iyali sun gode, amma kada kowa ya kawo kunu, kuka kuma an riga an yi. Kowane mai ta'aziyya ya zo da allurarsa da zarensa, tsofaffi su haɗa da tabarau. An ware wa Mama Tamar buhun citta.

Jana'iza kuwa, an ɗage ta. An lulluɓe marigayin da likkafanin da bai gama ba, ana jiran Azariya mai gyara daga Gwantu, wanda ya ce sai Alhamis zai iso da kananzir na wanke danƙon. Masu cewa ya makara su ƙirga da yatsunsu, Litinin zuwa Alhamis kwana nawa ne. Mama Hulda ta ce duk wanda aka taɓa naɗewa da likkafanin gidan nan ya tashi, ba ta ga dalilin da za a fara saɓawa a kan Dattijo ba. Shi kuma Jason, da zai yi mamacin a dirama, ya daina sintiri yana tambayar kayansa, ya jira wanda ke cikin likkafanin ya fito tukuna.