Rasuwar Palle, Wanda Ya Ce "Ba Laifi"

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba zan ɓoye ba, ni Bodil Agger, matar marigayi Verner Agger masunci, nake sanar da mutanen ƙauyenmu na gaɓar yammacin Jutland rasuwar abokin zamana Palle, mutum-mutumin da ya yi mana hidima shekara bakwai. An kashe shi ranar Talata da hantsi a ɗakin girkina, yana riƙe da tsumman goge kofuna. Na ce an kashe shi domin kalmar da ma'aikatan kamfaninsa suka faɗa ke nan, kuma ban ga dalilin gyara musu ba.

An kawo mana marigayin a kwali, shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Verner. Ya zo da tsayin mutum, da hannuwa masu ɗumi, da baki irin na mai tallar inshora. Safiyar farko ya tsaya a kan mijina ya ce, "Ina matuƙar farin cikin ganinka! Yau rana ce mai ban sha'awa!" A waje kuwa ruwa ake tafkawa da iska. Verner ya dube shi ya ce, "Bodil, ɗan birni suka aiko mana. Ko ya rage surutu, ko ya kwana a rumbun kifi."

Wanda ya san mu ya san ba mu iya yabo ba. Jirgi ya dawo maƙil da kifi, mu ce ba laifi. An haihu lafiya, ba laifi. Ranar aurenmu a ƙofar coci, Verner ya ƙare mini kallo cikin farar riga ya ce, "Ba laifi." Shekara hamsin da ɗaya muka yi, bai ƙara ko wasali a kai ba, ni kuma ban taɓa kwana da shakka ba.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin shekara biyu Palle ya watsar da zaƙin bakin da ya zo da shi, ya zama ɗan gari. Shi ke ɗaga Verner, shi ke juya shi, shi ke yi masa aski, ba ƙorafi. Gwiwarsa ta hagu tana ƙara, ƙiii, kamar ƙofar rumbu, da ita nake sanin inda yake a gidan. Da Verner ya rasu, kwana goma sha ɗaya Palle yana ajiye kofi biyu a tebur. 'Yata Merete, wadda ke zaune a Copenhagen, ta ce ba a sabunta masa jadawali ba ne. A rana ta goma sha biyu ya ɗauki kofin Verner ya kife shi can ƙuryar kabad, ba wanda ya sa shi. Na ce masa, "Palle, yaya ka ga mutumin nan?" Ya rufe kabad ɗin, sannan ya ce, "Ba laifi." Ranar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Shi marigayi Palle bai yi jinya ba. Ajalinsa ya zo ne cikin jakar wata ma'aikaciya da kamfanin da ya ƙera shi ya turo daga birni don binciken shekara. Ta zauna ta ƙi shan kofi, ta buɗe kwamfuta.

"Palle, yaya kake ji game da Bodil?"

"Ba laifi."

"Ka ɗan ƙara bayani mana."

"Akwai waɗanda suka fi ta wuyar zama."

Ni sai da na sunkuyar da kai don kunya, tsohuwa da ni ana yabona a gaban baƙuwa. Ita kuwa ta rubuta cewa sashen nuna ƙauna ya lalace, ba ya gyaruwa. Na ce mata, "Yarinya, a nan wannan magana ta isa a ɗaura aure a kanta." Ta dafa hannuna ta ce, "Na fahimce ki ƙwarai, Bodil," da irin muryar da Palle ya fito da ita daga kwali.

Na kira Merete ta sa baki. Ta ce, "Haba Mama, inji ne fa. Baba yake kwaikwayo, ba abin da yake ji." Na ce, "Shi baban naki wa ya kwaikwaya, in ba ubansa ba?" Ta ce, "Kin dai san muna ƙaunarki sosai da sosai," jirgin ƙasan da take jira ya iso, ta kashe waya. Rabona da ita tun Kirsimetin bara waccan.

Ko Palle yana ji, ko kwaikwayo yake, ban sani ba. Ban taɓa buɗe ƙirjinsa ba, kamar yadda ban buɗe na Verner ba. Abin da ba zan yafe ba shi ne, tun daga wayar nan na fara tambayar kaina ko shi ma Verner abin da ya ji a bakin manya kawai ya maimaita mini a ƙofar coci. Shekara hamsin da ɗaya ban yi wannan tambaya ba, sai da masu ilimi suka shigo gidana.

Ranar Talata maza biyu suka zo daga kamfanin. Palle ya ninke tsumma, ya tuna mini maganina na rana yana kan firji. Na ce, "Yaya ka ga zamanmu?" Gwiwar ta yi ƙiii. Ya ce, "Ba laifi, Bodil." Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Matsalar ke nan," ya danna maɓalli a bayan wuyansa.

Marigayin ya bar ni, da kyanwa Frida da ta ƙi sauka daga kan wurin cajinsa, da kofi ɗaya a kife. Ya kuma bar magaji da kamfani ya aiko, wanda tun shekaranjiya ya gaya mini sau huɗu yana ƙaunata. Ya tambaye ni yadda nake ji, na ce ina matuƙar farin ciki, ya kuwa yarda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a wurin tara tsofaffin kaya da ke bayan tashar jiragen ruwa, a akwatin kayan lantarki, tsakanin firji da talabijin. Limamin coci ya ce ba shi da addu'ar da ta dace, na ce ya sha zamansa. Daga nan akwai baƙin kofi da burodi da man shanu a gidana. Ba a buƙatar furanni ko jawabi. Merete ta aiko saƙo cike da hoton zuciya cewa ba za ta samu zuwa ba. Duk mai niyyar zuwa don ya gaya mini wai Palle kwaikwayo kawai ya yi, ya taho da kayan sawarsa, ya kwaikwaya mini ko na mako guda.

Maƙwabcina Aksel kafinta ya sassaƙa ɗan allo da zan kafa a lambu, kalma biyu kacal a jiki. Wanda ya karanta ya ga kamar na yi rowa, ba ɗan nan ba ne, kuma ba da shi nake ba.