Katangar Babana Ta Shiga Tarihi

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya da safe na fito gasa tattasai, sai na tarar an kafa allo a jikin katangar gidana: "Hasumiyar Rumawa, shekara dubu ɗaya da ɗari takwas. An hana hura wuta a kusa."

Katangar nan babana ya gina ta shekarar da aka haife ni, da ragowar duwatsun turken aladu. Sa'ata ce. Na san gwiwoyina sun fara ƙara, amma ban zaci abin ya kai haka ba.

Ga shi kuwa kaka ta yi. Duk ƙauyukanmu na Bulgeriya yanzu ake gasa tattasai a tsakar gida, a dafa shi da tumatir, a ɗura a kwalabe saboda hunturu. Buhu uku matata Ginka ta sayo, kuma tattasai ba ya jiran kowa.

Ta ce, "Maigida, in ya ruɓe, allon nan za ka riƙa shafa wa burodi har bazara."

Na sa rigar zuwa biki na nufi ofishin Mai Girma Uban Kayan Tarihi na gundumarmu, wanda ya sa aka kafa allon. Mutum ne mai himma, Allah ya ƙara masa lafiya. Wurare goma sha biyu da ya wajaba kowane baƙo ya gani ya tantance a yini guda, bai ko sauke gilashin mota ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, katangar da siminti aka yi ta."

Ya ce, "Ka ga ci gaban Rumawa ke nan!"

Gyaran kuskure, in ji shi, sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai ƙanƙara ta narke.

Da na dawo na tarar da motar baƙi a ƙofar gida. Suna ta ɗaukar hoton katanga, har da wandona da ke shanye a kanta. Maƙwabcina Donco, mai kiwon tumaki, ya jingina da sandarsa yana dariya har da hawaye.

Ya ce, "Kai Sarkin Ruma, hasumiyar gaskiyar fa tana kan tudun can. A ciki tumakina suke shan inuwa. Hanyar ce ba ta hawuwa da mota."

Ginka ta ɗago kai. "Akwai allo a can?"

"Ko ƙusa babu."

Haka muka ɗora murhu da buhuna a kan jakin Donco muka hau tudu. A tsakiyar ginin da ya shekara dubu ɗaya da ɗari takwas muka hura wuta, ba tare da mun taka doka ko ɗaya ba. Kwalba sittin muka cika.

Saboda haka baƙo, in ka zo, ka fara da katangata, don kada wahalar Mai Girma ta tashi a banza. In kuma Rumawa kake nema, bi ƙamshin tattasai.

Ni dai na roƙi a kafa mini nawa allon a wuya: "Tsohon kaya ne, kada a motsa shi." Ginka ta ce sai kwamiti ya zauna.