Ranar da na rantse jikana bai faɗi ba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, matan kasuwar Malanbil ba za su bar ni ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na ratsa layin masu albasa sai wata marar kunya ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ya faɗi ko bai faɗi ba?" Ni da na goya uwayensu! To bari in faɗi abin da bakina, tunda kowa ya faɗe shi da nashi bakin, kowa kuma ya ƙara mashi gishiri.

Kafin ku yi mani dariya, sai kun san ɗiyar wa nake. Ubana ɗan kokawa ne, Kafaffe na Madekali ake ce mashi. Daga wannan gaɓar kogin har waccan, ya kama da Dandawa, ya kama da Zabarmawa, ya kama da Kabawa, kuma har ya koma ga Allah gwiwarshi ba ta taɓa ƙasa a fili ba, balle bayanshi. A gidanmu in yaro ya yi tuntuɓe ya faɗi ba a lallashinshi, sai a waiga a ga ko wani ya gani. Haka anka tashe ni. Namiji ya faɗi gaban jama'a, an gama da shi.

Jikana Basiru, ɗan ɗiyata, a hannuna ya girma. Maigida nake ce mashi. Dogo ne, ga ƙafa, buhun albasa shi kaɗai yake sauke mani shi daga motar kamiyo ba ya ko nishi. Sai wani mushe, wato malamin lakwal, makarantarsu ta boko, ya kawo masu wani wasa, zari-ruga, da wata ƙwallo mai kama da gwandar da ba ta nuna ba. Basiru ya shiga. Kullum shi dawo da riga a yage, ni kuma in ɗinke. Ban taɓa zuwa kallo ba (wa zai tsare mani rumfa?), ban kuma taɓa tambayar yadda ake yin shi ba. Mi zan tambaya? Ni ɗiyar Kafaffe, yaro zai koya mani wasan maza?

Ana nan sai anka ce wani mutum zai zo daga birnin Paraku ya zaɓi samarin da za su shiga ƙungiyar matasan arewa. A wajen da Basiru yake tsayawa, can gefen fili inda ake son mai gudu, mutum ɗaya za a ɗauka. Su biyu ke neman wurin: shi da Habu, jikan Fati 'yar Garu. Fati kuwa rumfarta na kallon tawa, shekara talatin muna ƙwace wa juna masu saye, muna gaisawa da haƙora.

Abin da ya ƙara tunzura ni, wata rana da azahar Basiru ya zauna bisa buhu yana nuna mani hotuna a wayarshi. Wasu ƙattin Turawa da korayen riguna. Ya ce ƙasarsu Irlan, can tun yaro na ƙarami ake zaɓenshi a kai shi ƙungiyar matasa, in ya ƙware wasan ya zama sana'arshi. Ya ce kuma wanda ya tsaya ya yi wa ƙasar wasa bai gudu waje neman kuɗi ba, ranar da ya aje wasan gwamnati na mayar mashi da wani kaso na lanho, wato harajin da ya biya.

Na ce, "Tsaya, Maigida. Gwamnati ta karɓi lanho, ta kuma mayar?"

Ya ce, "Ta mayar, Kaka."

"Don ya yi gudu da gwanda a hammata?"

Wallahi raina ya ɓaci. Shekara arba'in ina zaune cikin rana da warin albasa, kowace safiya ta Allah sai Musa mai tikiti ya tsaya a kaina ya yage takarda ya karɓi dala ashirin, ciniki ko babu ciniki. Wa ya taɓa mayar mani da ko dala? Basiru ya ce, "Kaka, can ne fa, ba nan ba." Na ji wannan maganar sarai, amma na ajiye ta gefe don ba ta yi mani daɗi ba.

Washegari da Musa ya zo na ce mashi, da ƙarfi don Fati ta ji, "Yagi tikitinka ka more, ɗana, kwananka sun kusa ƙarewa a rumfar nan. Jikana za a ɗauka. Masu wasansu har lanho ake mayar masu, su da danginsu." (Dangin ni na ƙara.) Kafin la'asar, daga layin masu kifi har tashar kabu-kabu kowa ya ji cewa jikan Inna zai tafi Irlan, kuma meri, hukumar gari, za ta biya ni duk abin da ta ci.

Ranar zaɓe na rufe rumfa, abin da ban yi ba ko ranar sunan Basirun. Na ɗaura leshina na biki, na ɗauki lema, na kuma ɗauko Na-Allah makaɗi, tsohon da ya taɓa yi wa ubana kiɗa a fili, na ce shi zo da gangarshi. Munka isa filin bayan lakwal bayan la'asar. Basiru ya hango mu, ya dafe kai. Na ce kunya ce irin ta yara.

Fati na can ta riga ni, ta shimfiɗa tabarma. Na zauna kusa da ita don kada ta ce tsoronta nake.

Anka busa usur. Jama'a, ban taɓa ganin shirme irin wannan ba. Ana son a kai ƙwallo gaba, amma kowa baya yake jefa ta, kamar mai gudun bashi. Can sai su haɗa kai su duƙa suna ture juna kamar ragunan layya. Faɗuwa kuwa ba a magana, ko'ina yara na zubewa kamar mangwaro, su tashi su kakkaɓe, ko kunya babu. Habu ya sha ƙasa sau uku. Kowane ɗaya sai na taɓa Fati na ce, "Sannu, 'yar Garu, ko ba ku ba shi tuwo ne?" Ta yi murmushi kawai. Ashe muguwar ta san wasan, jikanta ya zaunar da ita ya koya mata. Ta bar ni ina ta zuba.

Basiru kuwa bai faɗi ba ko sau ɗaya. Na ce wa Na-Allah, "Kaɗa mashi taken kakanshi."

Ana dab da tashi ƙwallo ta iso hannunshi. Ya rungume ta ya zuba da gudu, ta gefenmu. Ya wuce ɗaya, ya ture na biyu, na uku ya kama iska. Saura Habu, ya biyo shi ta kusurwa. Sunka iso wani layi da anka ja da toka, nan gabana, bai fi taku biyar ba. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Jikana, jinin Kafaffe, ba wanda ya yi mashi ƙafa, ba wanda ya ɗaga shi, ya tashi da kanshi ya zube rub da ciki. Habu ya faɗa ƙarƙashinshi yana cusa hannu, sauran sunka zo sunka danne su.

Mutumin Paraku, wanda shi ne alƙalin wasan, gudun ya bar shi can baya. Ya iso yana haki, ya duƙa yana leƙen ƙarƙashin tarin yaran, ya miƙe yana sosa ƙeya. Bai ga komi ba.

Sai na ji yaran ɓangaren Basiru, abokanshi, waɗanda ke cin tuwo a gidana, suna tsalle suna ihu, "Ta taɓa ƙasa! Ta taɓa!" Na ce la'ilaha, munafukai! Ɗan'uwanku ya faɗi, maimakon ku rufa mashi asiri ku ne masu shela? Su kuma yaran ɗaya ɓangaren suna ta rantsuwa, "Ba ta taɓa ba!" Na ce a raina, ka ga 'ya'yan mutunci.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kutsa fili da lemata, Na-Allah na biye da ni yana kiɗa. Na ture wani yaro, na tsaya gaban alƙali na buga lema a ƙasa.

"Bai faɗi ba! Duk wanda ya ce ya faɗi ƙarya yake!"

Daga ƙarƙashin tarin na ji muryar Basiru, "Kaka! Don Allah ki yi shiru!"

Na ce, "Kai ne za ka yi shiru, Maigida. Ina raye ba mai ɓata maka suna."

Alƙalin ya yi magana da Faransanci, mushen lakwal ya juya mani. Ya ce, "Inna, yana tambaya, ke ce kika fi kowa kusa. Ƙwallon ta taɓa ƙasa?"

To ga gaskiya, yau zan faɗe ta: ta taɓa. Da idona na ga ya danna ta cikin toka har ƙura ta tashi, kafin hannun Habu ya shiga. Amma na dafa ƙirji, na dubi jama'a, na ce, "Wallahi tallahi ba ta taɓa ba. Ba ita ba, ba shi ba. A sama yake. Mu a zuriyarmu ba a taɓa ƙasa."

Mushen ya dube ni kamar zai yi kuka. Yaran su Habu sunka kaure da ihu, "Kakarshi ma ta faɗa! Kakarshi ta rantse!" Alƙali ya ɗaga kafaɗa, ya busa usur, ya yi wata alama da hannu. Babu ci.

Ni ina tsaye ina gyara ɗankwali, ina jiran a gode mani. Anka gode mani kuwa. Habu ya fito daga ƙarƙashi da toka a baki, ya durƙusa gabana ya ce, "Na gode, Inna, Allah shi ƙara girma." Daga bakin fili na ji guɗa. Na waiga, Fati ce, ta kama hanci tana rangaɗa ta. Nan jikina ya fara ba ni cewa akwai magana.

Mushen ya matso ya yi ƙasa da murya. "Inna, a wasan nan sai an danna ƙwallo a ƙasa bayan layi ake ci. Faɗuwar da ya yi ita ce cin. Ke kika soke shi."

Kun san faɗin filin ƙwallo? Ni na sani, don na taka shi da ƙafata ranar nan, daga layin toka har ƙofa, cikin leshi, mutane na darewa suna ba ni hanya suna riƙe ciki. Na-Allah kuma, tsohon banza, ashe kunnenshi ya yi nauyi, bai ji komi ba, yana bayana yana ta kaɗa mani taken Kafaffe har titi. Sai da na juya na ƙwace sandar kiɗinshi.

Da anka karanta sunaye, Habu anka kira. Mutumin Paraku ya ce yaron da ya iya tare mai gudu irin wannan a bakin layi, shi yake nema.

Basiru ya dawo gida da takalmanshi a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Na ajiye mashi tuwo, na ce, "Maigida." Ya kawar da kai ya ce, "Kaka, shekara biyu nake koyon faɗuwar nan." Ya tashi ya fita. Wata guda cur yana sauke mani buhu, yana gaishe ni kamar baƙuwa, in na ce Maigida sai shi yi kamar da wani nake. Dariyar kasuwa duk ba ta ci ni kamar wannan ba.

Na je wurin malam in ji ko azumi uku zai wanke rantsuwar. Ya ce wadda anka yi da gangan a kan ƙarya ta fi ƙarfin azumi, sai dai tuba. Shi ma na ga gemunshi na rawa.

Musa mai tikiti kuwa, washegarin abin da sassafe ya tsaya a kaina, ya riƙe takardar bai yaga ba. Ya ce, "Inna, in yaga, ko mu jira saƙon Irlan?" Na jefa mashi dala ashirin ɗinshi a ƙasa, na ce shi duƙa shi ɗauka, tunda yanzu taɓa ƙasa abin yabo ne.

Kada ku ce na huce. Har yau ina jin haushin wanda ya zauna ya ƙirƙiro wasan da namiji zai yi gudu kamar barewa don kawai ya je ya kwanta. Ina jin haushin Fati da ta san komi ta bar ni na shiga fili. Ina jin haushin alƙalin da ya bar usur a bakinshi ya tambayi mai albasa. Ina kuma jin haushin gwamnatin da ke can tana mayar wa ƙatti lanho, tamu na nan tana aiko mani Musa.

Bara mutumin Paraku ya dawo. Basiru ya zo rumfa ya tsaya, ya ce zan iya zuwa, amma da sharaɗi: ba ganga, ba lema, kuma in zauna a ƙofa in ba fili baya. Ni, ɗiyar Kafaffe! Na zauna. Ina kallon katangar lakwal, ihu na tashi a bayana, ban waiga ba. Can anka yi wata irin sowa har ƙasa ta motsa. Na kama zanen matar da ke kusa da ni na ce, "Wa ye? Mi ya faru?"

Ta ce, "Basiru ne, Inna."

"Ya faɗi?"

"Ya faɗi, rub da ciki!"

Na kama hanci na rangaɗa guɗar da anka ji har bakin gadar kogi. Allah shi jiƙan ubana, shi kuma yafe mani.

Yanzu yana Paraku, in ya kira waya na ce Maigida yana amsawa. Abin da na koya da tsufana shi ne, in ban san dokar wasa ba, in zauna bisa tabarmata in rufe bakina, ko da kuwa ni ce na fi kowa kusa da layi. Tikiti kuma gobe da safe zan biya.