Rasuwar Malam Ƙyaftau, Mai Tada Famfon Toukra

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba tukuna, ni Zuwaira, matar marigayi Alhaji Dawuda, nake sanar da dangi na Klémat da Chagoua rasuwar Malam Ƙyaftau, ɗan allon kwamfutar nan da bai fi tafin hannu ba, mai tada famfon lambunmu na Toukra.

Maƙwabta sun yi masa kyakkyawar shaida. Masu noman latas sun ce da gurnanin famfonsa suke sanin gari ya waye. Mai gadi ya ce shekara huɗu bai ga ya yi fashi ba, ko ranar salla. Iyakar maganarsa "ƙit" ɗaya in ya farka, sai koriyar fitilarsa ta ƙyafta, ruwa ya taho. Shi ya sa jininmu ya haɗu, don ni ma ba mai yawan magana ba ce.

Na fara ganin ciwon ranar Talata, bayan bikin Ilham, 'yar ƙanen maigidana. Jar fitila ta kama, koriyar ta ƙyafta sau huɗu ta tsaya, ta sake huɗu, famfo shiru. Na ƙirga na rubuta a littafina, da hannun nan da ya fara riƙe biro yana da shekara hamsin da biyu. Ranar Alhamis da na koma, ko jar fitilar babu.

A taron dangi, Zulkiflu, ƙanen maigidana kuma uban amarya, ya ce karatun da aka yi da furfura ba ya zama a kai. Wai ni na latsa abin da ban sani ba, don haka a miƙa masa lambun kafin in kashe sauran. Aka gyaɗa kai. Na saurara har ya gama, na zuba masa shayi.

Washegari na hau kilando, babur ɗin haya, na kai gawar wurin Khairat, mai gyara a Chagoua. Ta duba littafina ta ce a irin wannan allo, ƙyaftawa huɗu kuka ne: ya farka, ya nemi karatunsa na farko a cikin katin memori, bai samu ba. Ta sa katin a kwamfutarta. Sai waƙar amarya ta cika shagon, ana kiran sunan Ilham, ana yi wa Zulkiflu kirari.

Sauran labarin mai gadi ne ya ba ni, don mai shiru ake gaya wa magana. Zulkiflu ya zare katin ranar kamu, ya kai wa mai loda waƙa ya goge shi tas, ya zuba waƙoƙin biki. Da biki ya tashi ya mayar, cike da waƙoƙi har da wa'azi biyu, wai ba a mayar da kwanon aro fanko. Da ya ga marigayi bai tashi ba, ranar Laraba ya jona shi kai tsaye da batirin babur ɗinsa don ya ƙara masa ƙarfi. Khairat ta ce ciwon farko na minti goma sha biyar ne a hannunta. Batirin ne ya ƙone shi. Mai gadi ya ce bai ji komai ba sai "fus".

Marigayin ya bar famfo ɗaya lafiya lau amma ba mai tashinsa, da sola biyu, da fangali tara na albasa masu rai a hannun Allah. Tumatir da latas sun riga sun bi shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a gindin mangwaron lambu. Zulkiflu ne zai haƙa ramin, da babbar rigar da ya sa ranar biki. Za a sa katin a lasifika, waƙar ta yi ta kiran sunan Zulkiflu har a rufe ƙasa. Ba na son sadakar uku ko ta bakwai. Ta arba'in nake so, ga kuma yadda take: safe da yamma zai ɗebo ruwa da bokiti ya shayar da albasar nan, kwana arba'in cur, ni ina zaune a inuwa da littafina. Masu zuwa kalawada, wato ta'aziyya, su zo da tabarma, akwai abin kallo. Mabuɗin lambu yana ɗaure a gefen zanena, kuma nan zai ci gaba da zama.

Jiya na karanta wannan sanarwa a gaban waɗanda suka gyaɗa kai, a hankali, harafi bayan harafi, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na kai ƙarshe Zulkiflu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na jira, don jira na iya.

Ya ce, "Yaya Zuwaira, ni na kashe shi, kuma na ɗora miki. Ki yafe mini."

Na ce na ji. Bokitin yana bayan ƙofa.