Zainu Ya Ɓalle Fankar Safina

Sana'ar Safina haɗa bidiyon biki, a wani ɗan shago kusa da tashar motar Bagudo. Ranar nan ta dawo daga sallar azahar da niyyar ƙarasa bidiyon wata amarya ta garin Lafagu, don danginta za su zo karɓa da la'asar. Sai ta tarar da kwamfutarta kwance a ƙasa, ciki a buɗe, taubashinta Zainulabideen, ɗan gwaggonta, yana tsugune a kanta da sukurdireba.

"Lahiya lau, ɗiyar kawu. Ina gajiya?"

"Gajiya ga ta nan tsugune gabana. Wa ya ba bawa izinin taɓa kayan uwargijiyatai?"

"Taimako ni kai. Wagga kwamfuta taki, tsohuwar jaka ta hi ta sauri. Kullum kina kuka ba ta gudu. Jiya na ƙetara Benin na samo miki babbar fanka mai ƙarhen jan zahi. In na cire ta kamfani na ɗaura wagga, sai in ƙara ma furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, gudu ba ta ƙone ba."

"Kai da ko keken gwaggo ka kasa ƙara ma gudu?"

"Keken ya tsuhwa, kamar mai shagon ga."

Safina ta lura hannunsa na hagu yana bayansa.

"Mi ka ɓoye?"

Ya fito da shi a hankali. Tsohuwar fankar ce, ga furosesar manne a gindinta. Man da ake shafawa tsakaninsu ya bushe, shi kuma ya fizga da ƙarfi, suka fito tare. 'Yan siraran ƙafafun furosesar sun lanƙwashe kamar shinkafar da shanu suka bi ta kai.

Ta rufe ƙofar shagon, ta jingina da ita.

"Zainu, yau gwaggo za ta yi rashin ɗa."

"Ba laihina ba ne. Man naki ya yi tauri kamar tuwon da kika yi muna ranar salla."

"Tuwon da ka cinye har da suɗe kwano? Ko kunna ta ka yi ta ɗumama kahin ka ja? Kan naka kamar tulu, ciki ba ko ɗigo."

"Ba ni allurar ɗankwalinki in miƙe su."

Ta miƙa masa, ba don ta yarda da shi ba. Ya ɗauke numfashi, ya miƙe ɗaya, ya miƙe ta biyu. Ta ukun ta ce ƙas, ta faɗi ƙasa.



"Wagga ƙahwa dama ba ta da aiki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Kamar kai a gidanku. To ji nan. Mutanen Lafagu na bisa hanya. Kujera zan aje ma bakin ƙohwa, kai za ka yi musu rawar amarya da kiɗa da baki, tun daga kamu har kai ta ɗaki."

"Ni? Da gemuna?"

"Gemun bunsuru. Har lalle zan sa ma."

Zainu ya miƙe ya fita. Safina ta zauna, idonta ya ciko, tana tunanin abin da za ta faɗa wa uwar amarya. Ba a jima ba sai ga shi a kan babur, rungume da tasa kwamfutar, wadda yake buga wasan ƙwallo da ita, wadda ko ƙanensa bai yarda ya shafa ba. Ya kunna ta ta ɗumama, ya murɗa fankar a hankali, ya ciro furosesar lafiya, ya ɗora a tafin hannunta.

"Irinsu guda. Ki riƙe, na bar miki."

"Har abada?"

"Har abada, azzaluma."

Dariyar da take dannewa ta ƙwace mata.

"To matsa can bakin ƙohwa. Ni zan ɗaura da kaina."